Na'ura Ta Ƙi Yatsuna, Kun Rubuta Ban Zo Ba

Zuwa ga Shugaban Sashen Fasahar Kwamfuta da Harkokin Kasuwanci,
na jami'ar da nake ɗaliba a cikinta, a nan Katsina.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da malaman da ke ƙarƙashinka, ina yi maka barka da aiki da sannu da hidimar jarrabawa. Ina kuma sake gode maka bisa ta'aziyyar da ka yi mini ta rasuwar maigidana. Allah Ya ba da lada.

Ban kama sunanka ba, ban kuma kama sunan jami'ar ba, domin ban fito don in tozarta kowa ba. Kai dai ka san da kai nake. Sau biyu na rubuto maka ta ofis a kan maganar jarrabawata, sakatarenka ya karɓa ya sa hannu, har yau ko layi ɗaya bai dawo mini ba. Ranar Alhamis ta makon gobe kwamitin sashe zai zauna ya tabbatar da sakamakon ɗaliban shekarar ƙarshe. Idan ya tashi daga wannan zama ban rubuta takardar jarrabawar da aka hana ni rubutawa ba, ba zan kammala digirina tare da ajinmu ba. Kwanakin da suka rage sun yi kaɗan in ci gaba da zaman jira a bencin ƙofar ofishinka, shi ya sa na kawo maganar fili.

Saboda masu karatu da ba su san ni ba, bari in faɗi ko ni wace ce. Shekarata sittin da bakwai. Na yi shekara talatin da biyar ina koyar da 'yan mata buga keken rubutu da tsarin aikin ofis a makarantun sakandare, har na yi ritaya. A gaban idona sana'ar da na koyar ta mutu. Yaran da na horar sukan dawo su gaishe ni, su ce mini duk inda suka je neman aiki kwamfuta ake tambayarsu. Ban ga dalilin da zai sa in zauna ina ba jikoki labarin wata sana'a da ta shuɗe ba, alhali ƙwaƙwalwata lafiya lau take. Ina da shekara sittin da uku na cike takardar neman shiga digirin ƙarshen mako na wannan sashe, na zauna jarrabawar shiga kamar kowa, aka ɗauke ni. 'Ya'yana sun ce in huta. Na ce musu wanda ya gaji shi ke hutawa. Ba wanda ya biya mini, ba wanda ya kai ni. Duk Asabar da Lahadi nakan tuƙo motata da kaina daga Ƙofar Marusa, shekara huɗu ke nan, in ban da wannan zangon na ƙarshe.

Kuma ba don in rataye takarda a bango na yi ba. A unguwarmu akwai mata masu ɗinkin zanen gado da masu haɗa turaren wuta, waɗanda kayansu ba ya isa Babbar Kasuwa sai ta hannun dillaliya, ba su taɓa sanin wanda ya saya ba, balle su ji abin da yake so a gyara. Aikin bincikena na kammala karatu shago ne na cikin waya da na gina musu, inda mai saye zai ga kaya ya yi magana da mai kayan kai tsaye. Malaman sashenka sun duba shi, sun amince. Niyyata in buɗe aji a zauren gidana in koya wa waɗannan mata yadda ake tafiyar da shi, kuma ba zan tsaya gaban ɗalibai ina koyar da abin da ba ni da shaidarsa ba. Ban taɓa yi ba tun ina budurwa, ba zan fara da furfura ba. Darussa duk na ci. Takarda ɗaya tak ta rage mini, ta darasin nazari da tsara manhajar aiki.

Ga abin da ya faru, daki-daki.

Na ɗaya, maganar lalle. Maigidana ya rasu a farkon wannan zangon karatu. Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Na rubuto maka, ka ba ni izini a rubuce in bi darussa ta waya daga gida, takardar tana hannuna da sa hannunka. Ban tsallake darasi ko ɗaya ba, gwaje-gwajen da aka yi ta yanar gizo duk na yi su a kan tabarmar da nake karɓar gaisuwa. Ranar Lahadi, kwana shida kafin jarrabawa, na fita takaba. Kai ɗan ƙasar nan ne, ka san abin da ake yi a irin wannan rana. Dangi suka taru, aka yi sadaka, aka yi mini kitso, na sa sabon kaya. Yayar marigayi, wadda muke kira Yaya Abu, tsohuwa ce da ta haura tamanin, ita da kanta ta kwaɓa lalle ta ƙunsa mini hannu da ƙafa, tana yi tana share hawaye da gefen mayafi, domin ƙaninta ne ita ta goya shi. Ƙunshi ta yi mini irin na da, wanda ke lulluɓe kan yatsu gaba ɗaya, ba zanen fulawa na 'yan matan yanzu ba. Tun hantsi hannuwana suke ɗaure har la'asar. Da aka kwance, lallen ya kama har ya yi baƙi, mata suna ta cewa hannun ya karɓa.

Na biyu, safiyar Asabar. An sa jarrabawa ƙarfe tara. Takwas da kwata ina bakin zauren. A hannuna akwai katin shaidar ɗalibi, da takardar izinin shiga jarrabawa mai hotona, da katin ɗan ƙasa. Na bi layi, ban nemi a matsa mini ba, ko da yake yaran sun yi ta cewa in wuce gaba. Da na iso wurin na'urar tantance yatsa, na ɗora babban yatsana, ta nuna ja. Ma'aikacin da ke kula da ita ya ce in goge in sake. Na sake, ja. Muka bi yatsu goma ɗaya bayan ɗaya, sau biyu. Sai ya dubi hannuna ya ce ai lalle ne, in je famfo in dirje. Ranka ya daɗe, na je. Ni da na yi shekaru ina duba farcen ɗalibai a taron safe, na tsuguna a bakin famfo ina dirzar yatsuna da garin sabulu da yashi, ɗalibai suna wucewa suna kau da kai don kunya. Wata yarinya ta gudu wurin mai shayi ta samo mini lemun tsami. Na dirza har fatar ta yi zafi. Duk macen da ta taɓa ƙunshi ta san lalle ba ya fita da wanki, sai dai ya koɗe don kansa. Na sani, amma na yi, don kada a ce na ƙi bin umarni.

Na koma, na'ura ta sake nuna ja. A lokacin tara ta wuce, an raba takardu. Malamar da ke sa ido a zauren ta koyar da ni shekara uku a jere, ta zo gidana ta'aziyya, ta zauna a tabarmata. Ta fito ta same ni, idonta ya ciko, ta ce mini ita ta san ni sarai, amma umarnin da aka ba su shi ne duk wanda na'ura ba ta karɓa ba kada ya shiga, kuma ba a ba ta wata hanyar ba. Na ce a kira jami'in jarrabawa. Aka kira, wayarsa a kashe. Na ce a kira ka. Aka ce kana taro. Na roƙi a bar ni in zauna in rubuta, a riƙe takardata gefe, idan an bincika an ga ba ni ba ce a yage ta. Ta ce ba ta da ikon haka. Tara da rabi aka rufe ƙofa, kamar yadda doka ta ce.

Ban tafi ba. Na tsaya a baranda, daidai taga, awa biyu da rabi, ina kallon 'yan ajinmu suna rubutu, har aka ce a ajiye biro. Na tsaya ne don kowa ya shaida ina wurin. Duk da haka, da na je ofishin jami'in jarrabawa ranar Litinin, ya buɗe takardar halarta ya nuna mini, a gaban sunana an rubuta ban zo ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. A shekaru talatin da biyar na aikin gwamnati, in ban da hutun haihuwa, ba a taɓa rubuta mini fashi ba. Yau ga takardar jami'a, da hatimi, tana shaidar zur a kaina, alhali malama da ma'aikacin na'ura da ɗalibai cike da zaure sun gan ni da idonsu.

Na uku, maganar sanarwa. Jami'in jarrabawa ya ce mini ai an gargaɗi ɗalibai mata kada su sa lalle. Na tambaye shi a ina. Ya ce an manna takarda a allon sanarwa na sashe, wata guda kafin jarrabawa. Wata guda kafin jarrabawa ina cikin takaba, ko zaure ba na leƙawa, kuma sashenka ya fi kowa sani tunda shi ya ba ni izini. Na koma gida na bi saƙonnin zauren ajinmu na waya tun daga farkon zango, na duba shafin ɗalibai na jami'a, na duba akwatin wasiƙata. Babu wannan gargaɗi ko a wuri ɗaya. Sashen da ke koya mana yadda kamfani zai isar da saƙo ga dubban masu hulɗa da shi cikin ƙiftawar ido, shi ne ya ɗauki maganar da za ta iya jawo wa ɗaliba asarar shekara, ya liƙa ta da gam a jikin katako.

Zan faɗi gaskiya ko da a kaina ne. Ya kamata a ce ni ma na yi tunani. Na karanta yadda wannan na'ura ke aiki, na san zanen fata take dubawa. Ranar nan hankalina ba ya kan na'ura, yana kan mutumin da na zauna da shi shekara arba'in da huɗu. Da saƙo ya shigo wayata, da na roƙi Yaya Abu ta bar mini yatsa ɗaya, kuma da ta bari. Na ɗauki rabona na laifin. Amma mantuwar tsohuwa a ranar fitar takabarta daban, tsarin da ba shi da mafita daban.

Na huɗu, darasin kansa. Ina roƙonka ka ɗauko littafin darasin da aka hana ni rubuta jarrabawarsa, ka buɗe babin da ya yi magana a kan tantance mutum. Malaminmu ya shafe mako biyu yana nanata mana cewa kowace na'ura tana kuskure, wani lokaci ta karɓi wanda bai cancanta ba, wani lokaci ta ƙi mai gaskiya, don haka duk wanda ya tsara ƙofa bai tanadi abin da za a yi ranar da ta ƙi mai gaskiya ba, bai gama aikinsa ba. Ya ba mu misalin manomi da magini da mai wanki, waɗanda aiki ya cinye zanen yatsunsu. Na rubuta wannan a gwaji, aka ba ni maki mai kyau. Sai ga shi a ƙofar jarrabawar wannan darasi, abin da aka koya mana ne aka take.

Ka tuna su waye suke zaune a zauren nan. Yaran nan nan da baɗi suna bankuna, suna asibitoci, suna kamfanonin waya, wasu suna ofisoshin biyan fansho. Su ne za su tsara ƙofofin da talakawa za su tsaya a gabansu. Shekara huɗu kuna koya musu a allo cewa an yi na'ura ne don mutum. Safiya ɗaya kun nuna musu a aikace cewa idan na'ura ta ce a'a, sai mutum ya je famfo ya dirji hannunsa. Na yi koyarwa, na san wanne ɗalibi ke riƙewa tsakanin abin da ya ji da abin da ya gani. Kuma daga baya na samu labari ba a kaina farau ba. A bara an mayar da wata ɗaliba amarya daga wannan ƙofa saboda lallen bikinta, ta yi shiru ta maimaita shekara, domin ba ta da bakin da za a ji.

Na biyar, zaman da muka yi da kai a ofishinka ranar Laraba. A nan nake so ka saurare ni da kyau. Ka karɓe ni da mutunci, ba zan ɓoye ba. Ka miƙe tsaye, ka ba ni kujera, ka sa aka kawo ruwa, kana ta kirana Mama. Sannan ka shimfiɗa mini hanya biyu. Ta farko, in jira baɗi idan an sake koyar da darasin. Ta biyu, ka rage murya, ka ce tunda makin gwaje-gwajena yana da kyau, kuma don darajar shekaruna, za a iya sa mini matsakaicin maki na wucewa, a rufe maganar ba tare da kowa ya ji ba.

Game da baɗi, ban san wanda ya yi maka alkawarinta ba, ni dai ba a yi mini ba. Maigidana ya karya kumallo lafiya lau, kafin azahar an yi masa sutura. Likita kuma ya gaya mini yanar ido ta fara rufe idona na hagu. Ban faɗi wannan don a ji tausayina ba. Na faɗa ne don ka san shekara ɗaya a wurin ɗan ashirin da biyar da shekara ɗaya a wurina ba nauyinsu ɗaya ba.

Game da hanya ta biyu, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, shi ya sa ban ba ka amsa a gaban sakatarenka ba, na yi godiya na tashi. Ga amsar yanzu. Ban karɓa ba. Na'ura ta ƙi ni ne don ba ta da hankali, wannan ana iya yafe mata. Amma kai da hankalinka ka dube ni ka ga tsohuwar da za a sallama da makin sadaka. Na yi shekaru ina riƙe da jan biro. 'Ya'yan manya sun faɗi a hannuna, iyayensu sun aiko, wasu sun zo da kansu, ban taɓa ƙara wa kowa rabin maki ba. Waɗannan yara suna nan da ransu a garin nan, wasunsu kakanni ne yanzu. Da wane ido zan dube su? Da wane baki zan tsaya a zaurena in ce wa matan unguwa na san wannan aiki, alhali na san takarda ɗaya daga cikin shaidata kyauta aka ba ni? Sannan amaryar bara, wa ya rage murya ya yi mata irin wannan tayi? Idan doka ce, ta hau kowa. Idan kuma ana iya lanƙwasa ta a ɓoye saboda furfura, to ana iya gyara ta a fili saboda gaskiya.

Wasu daga cikin tsofaffin ɗalibaina da ke da faɗa a ji sun samu labari, sun ce in ba su izini su yi waya ɗaya. Ɗana na fari ya ce zai zo ya same ka. Duk na hana. Lokacin da na cike takardar shiga wannan jami'a ban rubuta sunan kowa a matsayin mai tsaya mini ba. A cikin sashenka ni ɗaliba ce mai lamba kamar kowa, kuma haƙƙin ɗaliba nake nema, ba alfarmar uwa ba.

Don haka, ranka ya daɗe, ga buƙatuna.

Ɗaya. A sa mini rana kafin Alhamis ta makon gobe in zauna wannan jarrabawa. A fitar da sababbin tambayoyi, a ba ni awa ukun da aka ba kowa, a sa duk malamin da ka ga dama ya tsaya a kaina. Lallen ya fara koɗewa, wataƙila na'urar ta karɓe ni yanzu. Idan ta ƙi, ga katuna uku masu hotona, ga malaman da suka koyar da ni.

Biyu. A goge kalmar da aka rubuta a gaban sunana a takardar halarta, a rubuta gaskiya: ta zo, na'ura ta ƙi ta.

Uku. A rubuta, a kuma raba wa duk mai sa ido a jarrabawa, abin da zai yi idan na'ura ta ƙi ɗalibin da takardunsa suka cika. Ba sai an ɗauko ƙwararre daga wani wuri ba. Ka ba ɗaliban shekarar ƙarshe wannan aiki, za su gama maka shi a zama ɗaya, kuma in an so ni ma zan sa hannu. Duk wani gargaɗi da ya shafi jarrabawa kuma a tura shi ta waya, kamar yadda ake tura mana sanarwar canjin aji.

Huɗu. A nemo yarinyar bara a ba ta haƙuri. Shekararta ba za ta dawo ba, amma ta ji daga bakin sashe cewa ba ita ta yi laifi ba.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ina alfahari da wannan sashe, a cikinsa na koyi abin da ban taɓa zaton zan iya ba, kuma ba na so a ce a ƙofarsa aka koya wa yara rufe ido.

Abu na ƙarshe, don kada a yi mini gyaran da ban nema ba. Idan kwamiti ya zauna na ga maki a gaban sunana a darasin da ban rubuta jarrabawarsa ba, zan rubuta wa majalisar jami'a da hannuna in ce a soke shi, in kuma faɗi dalili. Idan kuwa aka ba ni takarda na zauna na rubuta na faɗi, a rubuta na faɗi. Zan karɓa hannu biyu, in dawo baɗi in Allah Ya kai mu, ba wanda zai ji bakina. Ranar Litinin da ƙarfe takwas zan zo sashe da birona biyu da tabarau, na riga na yi bita. Abin da ya rage a ba ni kujera da takardar tambaya.

Allah Ya yi maka jagora a wannan aiki, Ya ba ka ikon yin adalci ga babba da yaro, Ya raya maka zuri'a, Ya sa ka gama da iyayenka lafiya.

Wassalam, na bar ka lafiya.

Hajiya Saude Mamman,
ɗalibar shekarar ƙarshe, ajin ƙarshen mako,
Ƙofar Marusa, Katsina.